Fatawa: Injin da na ƙera a shagon mastana, na wane ne?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mai walda ne, ina zaune a Aboabo, ina aiki a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai da masu walda, a nan Kumasi. Shekara uku ke nan da na gama koyon sana'a na yi 'yanci, amma ban buɗe nawa wurin ba, ina nan wajen mastana yana biyana duk wata. Mahaifiyata tuyar ƙuli-ƙuli take yi, kuma na tashi ina ganin wahalar da take sha wajen matsar mai, shi ne na ƙera mata wani ɗan inji mai matse tunkuza ba sai an murza da hannu ba. Da dare na yi shi bayan an tashi aiki, da ranakun Lahadi, amma da injinan shago da ragowar ƙarafan shago. Wata takwas da suka wuce na sayar da guda uku, na kuma sa bidiyonsa a TikTok. Yanzu masta ya ce injin na shago ne. Wani abokina da na nuna wa zanen ya fara ƙera irinsa yana karya farashi. An ba ni shawara in yi masa rajista a Akra don kada kowa ya ƙera sai da izinina, amma wani malami a unguwarmu ya ce haramun ne, ilimi na Allah ne, hana shi ɓoye ilimi ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka dubi hannun mahaifiyarka ka ji tausayinsa. Tambayarka guda ce a bakinka, amma mutum uku ne a cikinta, kuma wanda ka fi jin haushinsa ba shi ne matsalarka babba ba.

Yin rajistar halal ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, shari'a tana kare su, ana sayar da su, kuma ba ya halatta a yi musu ta'adi. Ana gadonsu kamar sauran dukiya. Wannan shi ne abin da nake fatawa da shi.

Amma kafin a je Akra, sai an san mai injin, kuma a nan kalmomi biyu da ka faɗa a tsakiyar magana su ne suke juya hukuncin: da dare, da ranakun Lahadi. Kai a wurin mastanka abin da malaman fiƙihu suke kira ajiri na musamman ne, wato wanda aka sayi lokacinsa ba wani aiki guda ba. Daga safe zuwa tashi, ƙarfinka da basirarka a kan aikin shago nasa ne, ya biya. Da a ce a cikin waɗannan sa'o'in ka yi injin, ko shi ya kira ka ya ce wata mata tana son abin matsar mai, ka san yadda za ka yi, da na ce maka injin nasa ne, naka suna da godiya da abin da ya ga dama ya ƙara maka. Dokar Gana ta mallakar ƙirƙira, wadda aka yi a 2003 mai lamba 657, a kan wannan layin take: abin da aka ƙirƙira wajen cika kwangilar aiki na wanda ya ɗauki ma'aikacin ne, sai in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka, ko da yake sunan wanda ya ƙirƙira yana nan a takarda ba a goge shi. To kai ka ce ba shi ya sa ka ba, ba kuma a lokacinsa ka yi ba. In haka ne, ƙirƙirar taka ce. Mallakar kayan aiki ba ta mallakar da abin da aka yi da su. Wanda ya ari alƙalami ya rubuta littafi, ba a cewa littafin na mai alƙalami ne.

Sai dai ba ka fita wanke ba. Wutar da ka ƙona da dare wa ya saya a mita? Injinan da suka yi ta juyawa, cinyewa suke yi. Ragowar ƙarfen nan kuma, kai ka fi ni sanin cewa a Magazin babu ƙarfen banza, ana auna shi a sayar. Idan ka nemi izini ya ba ka, ko al'adar shagonku ta gudana a kan yara su yi ɗan aikinsu bayan tashi da sanin masta, babu komai a kanka. Idan kuwa a ɓoye ka yi, to akwai bashi a wuyanka: kuɗin ƙarfen, da ladan amfani da injinan gwargwadon yadda ake haya a wurinku, da neman gafararsa. Na lura ba ka ambaci izini ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya dame ni. Ka tambayi kanka wani abu kuma da gaskiya: akwai wata dabara a jikin injin da ta fito daga kansa? Ba ina nufin koya maka walda ba, wannan an riga an biya shi da shekarun da ka yi kana masa hidima. Ina nufin ya duba abin ya ce sauya nan, kuma da wannan sauyin ne injin ya yi aiki. In an yi haka, ku biyu ne masu shi, a shari'a da kuma a doka.

Yanzu maganar malaminku. Kada ka raina shi, ba daga kansa ya ƙago ta ba. Manyan malamai sun tafi a kanta, cikinsu har da Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, ko da yake ɗansa Mufti Taƙi Usmani ya karkata ga halascin. Amma ra'ayi ne mai rauni a wurina, kuma zan tsaya a kansa don ya yaɗu a zangunanmu, har ana cin haƙƙin mutane da shi ana ganin ibada ake yi.

Tushensa wani ta'arifi ne na magabatan Hanafiyya, cewa dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a adana, don haka amfani tsantsa ba dukiya ba ne. Mu a nan Malikiyya muka gada, kuma Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila duk suna ƙirga amfani a cikin dukiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da mace ga wani sahabi a kan abin da yake da shi na Alƙur'ani, alhali sadaki ba ya zama sai abu mai ƙima. Kuma ita ƙima al'adar mutane ce take tabbatar da ita muddin nassi bai hana ba. Abokinka da kansa ya ba da shaida: da zanen ba shi da daraja, me ya sa ya bar nasa aikin ya bi naka?

Sai hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta. Hadisi ne sananne, kuma malamai sun fassara shi da ilimin da mutum yake buƙata don addininsa, wanda bayyana shi ya wajaba a kan wanda aka tambaya. Amma mu ɗauka ya haɗa har da injin matsar mai. Wanda ya kafa hujja da shi bai san yadda rajistar take ba. Ba a ba ka takardar sai ka rubuta bayanin injin filla-filla da zanensa, yadda duk wani gwani a sana'ar zai karanta ya ƙera, sannan a buɗe bayanin ga jama'a. Abin da hukuma ta ba ka a madadin haka shi ne shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, ba wanda zai ƙera don kasuwa sai da izininka. Suna cika, kowa ya ɗauka kyauta. Ciniki ne: ka tona asirinka, a ba ka wa'adi. Idan ɓoye ilimi ake nema, a zo Magazin a ga mastan da ke korar yaransa waje in zai haɗa wani abu, ya rasu dabarar ta bi shi kabari. Masu magungunan gargajiyarmu nawa suka tafi haka? Ba su yi don rowa ba, sun yi don ba su da wata kariya sai shiru. Rajista ita ce take cire wannan tsoron.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta uku, kuma ban ga ana ba ta haƙƙinta ba. Suna cewa wanda ya kwaikwaya bai ɗauke maka komai ba, injinka yana hannunka, ƙarfensa ne, wutarsa ce, kuma wanda ya sayi abu ya mallake shi. Gaskiya ne ya mallaki injin da ya saya: ya yi aiki da shi, ya gyara, ya sayar, ya kwance ya koya, ba mai hana shi. Abin da bai saya ba shi ne dararen da ka yi kana ɓata ƙarfe kafin ka dace. Shi ya sa yake iya karya farashi, don asarar gwaji kai ka ɗauke masa. Ƙa'ida ta ce amfani yana tare da ɗaukar asara, ba a raba su a ba wani wahala a ba wani riba. Sannan shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslaha, kamar yadda ba kowa ke tuƙa tirotiro, wato motar haya, ba sai da lasisi, ba wanda ya ce an haramta abin da Allah Ya halatta.

Inda nake tare da su shi ne idan abin ya zama ɓoye kaya don tsawwala wa mutane a kan larura, musamman magani. Can hukuma tana da ikon ba wani izinin yi ko mai shi bai so ba, a biya shi abin da ya dace, kuma ƙasashen duniya sun jaddada haka a taron Doha na 2001. Man gyaɗa bai kai nan ba.

Abokinka kuwa, hukuncinsa ya rataya ga yadda ya sami zanen. Da a kasuwa ya sayi injin ya kwance alhali ba rajista, da ban iya ɗora masa zunubi ba, sai dai in ce bai kyauta ba. Amma kai ka nuna masa a matsayin aboki, kuma hadisi ya zo cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar amana ce. In ya san ba ka so ya fita, ya ci amana, kuma tuba da gyara sun hau kansa. Duk da haka shawarata kada ka fara da kotu. Ka kira shi gaban dattijai biyu na ƙungiyarku, a rubuta: ya ci gaba da ƙerawa, ya ba ka wani abu sananne a kan kowane inji, kada ya yi ƙasa da farashin da kuka tsayar. Hannu biyu sun fi ɗaya cika oda, kuma takardar rajista ba ta kama ɓarawo da kanta, kai za ka ɗauki lauya ka bi.

Abin da ya fi gaggawa ba ka tambaye shi ba. Sharuɗɗan rajista uku ne: abin ya zama sabo, ya zama akwai dabarar da ba kowane gwani zai hango ta nan take ba, kuma ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Sabo kuma ba sabo a Suwame ake nufi ba, sabo a duniya. Injinan matsar mai sun daɗe a Indiya da Sin, saboda haka abin da za ka kare shi ne ɓangaren da ka zo da shi, ba injin dukansa ba. Sannan sayarwar da ka yi da bidiyon nan bayyanawa ce ga jama'a. Dokar Gana tana yafe bayyanawar da ta fito daga mai abin in ba ta wuce wata 12 kafin shigar da takarda ba. Ka ci takwas. Saura huɗu, kuma ƙirga daga ranar farko da wani ya gani, ba ranar da ka tuna ba. Yawancin ƙasashen Turai ba sa yin irin wannan sassaucin. Ka daina sa sabon bidiyo, musamman na cikin injin.

Ofishin Babban Magatakarda a Akra shi ke karɓar takardun. Ka tambaye su ƙaramar shaidar da ake ba gyare-gyare irin naka, wadda ba a neman sharaɗin dabara mai zurfi a cikinta; wa'adinta ya fi gajarta amma ta fi dacewa da aljihun mai walda. Ka sani takardar Gana a iyakar Gana take tsayawa. Ƙungiyar ARIPO da ke Harare tana haɗa ƙasashe da dama da takarda guda, amma Najeriya ba ta cikinta, Togo da Burkina da Kwaddibuwa da Nijar kuma suna wata ƙungiyar daban mai hedikwata a Yawunde. Akwai kuɗin shekara-shekara, in ka daina biya haƙƙin ya faɗi. Ka yi lissafi da idon basira: inji nawa za ka sayar a shekara? Kada ka ci bashin ruwa don takarda, kuma kada ka rantse a fom cewa kai kaɗai ka ƙirƙira in ka san akwai hannun wani.

Kafin ka hau motar Akra, ka je gidan mastanka, ba shago ba, da wani babba da yake jin nauyinsa. Ka fara da maganar wuta da ƙarfe, ka ce ka zo biya. Ka roƙe shi ya sa hannu a takarda cewa ba shi da da'awa a kan ƙirƙirar, ko kuma ku yanka masa kaso sananne in a shagonsa za a ci gaba da ƙerawa. Shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Wallahu a'alam.