Da wace tiya ake auna jami'o'i a fannin kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe ta lisansi a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maraɗi, kuma ina neman gurbin masta a fannin kwamfuta a waje. Kawuna ya turo mini wani jeri ta WhatsApp, wai an tsara jami'o'i bisa tasirin binciken malamansu, ya ce kada in nemi wadda ba ta cikin ɗari na farko. Yaya ake wannan lissafi, kuma in bi maganarsa? (Wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴarmu. Kawu alheri yake nufi, amma mai sayen gero yakan duba tiya kafin a fara awo.

Yawancin irin wannan jeri a kan ambato ya dogara, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar malami. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne h-index, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziks a Amurka, ya fito da shi a 2005. A ce malami yana da maƙaloli bakwai, an ambace su sau 40, 22, 9, 6, 5, 3 da 1. Biyar daga ciki kowace ta samu aƙalla biyar, ta shida ba ta kai shida ba, to makinsa 5 ke nan. Sai masu jeri su tara makin malaman kowace jami'a. A nan gizo ke saƙa: sashe mai malamai tamanin zai danne mai malamai takwas, ko da takwas ɗin sun fi iya aiki. An ƙirga damman gandu ne, ba a tambayi faɗin gonar ba. Jami'ar Paris-Saclay ta Faransa ta zo ta 14 a jerin jami'o'in duniya na Shanghai na 2020 bayan da aka haɗe makarantu da dakunan bincike da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. Malaman dai su ne na jiya.

Sannan fannonin ba kasuwarsu ɗaya ba. Maƙalar ResNet ta 2016, kan koya wa na'ura gane hoto, ta haura ambato dubu ɗari. Gwani a lissafin tushen kwamfuta zai yi ritaya bai ga ko kusa da haka ba, don masu sana'arsa kaɗan ne. Kuma ana iya yi wa ma'aunin algus. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble ya ƙirƙiri wani malami na bogi, Ike Antkare, ya sa manhaja ta zuba masa maƙaloli kusan ɗari masu ambaton juna, Google Scholar, shafin Google mai tattara maƙaloli da ambatonsu, ta ba shi makin h-index 94.

Akwai jerin da ya kauce wa ambato, CSRankings na Emery Berger. Shi yana ƙirga maƙalolin da suka shiga manyan tarukan fannin ne, irin su NeurIPS, CVPR, STOC da SIGCOMM, saboda ƴan kwamfuta sun fi ɗaukar taro da muhimmanci a kan mujalla. Maƙala mai marubuta huɗu, kowa rubu'i yake samu. Ya fi wuyar maguɗi, amma sashen da ba a shigar da sunayen malamansa ba, ba zai fito ba sam.

Ke malami kike nema, wanda zai duba aikinki. Zaɓi fanninki tukuna, a ce sarrafa harshen Hausa da na'ura ko tsaron bayanai. A CSRankings kashe dukan fannoni ki bar naki kaɗai, ki rage shekarun zuwa biyar na baya, za ki ga jerin ya juye. Ɗauki sunayen malamai goma, ki shigar da kowanne a DBLP, rumbun da ke jera maƙalolin kwamfuta kyauta. Duba ko yana fitar da aiki bana da bara, ko tsohon suna yake ci. Duba ko ɗalibansa ne a farkon jerin marubuta. Idan kullum shi ne a gaba, ki yi hattara. In a Faransa yake, theses.fr zai nuna miki digirin dokta nawa aka kammala a hannunsa. Daga nan ki rubuta wa tsofaffin ɗalibansa biyu, ki tambaye su sau nawa yake zama da su a wata, kuma wa ya biya kuɗin karatunsu. Wannan amsar ki kai wa Kawu.

Tambaya: Ni malami ne, ina da maƙaloli tara, yawancinsu da Faransanci, amma Google Scholar uku kawai take nuna mini. Zai hana ni ƙarin girma? (Wani malamin jami'a, Maraɗi)

Amsa: Malam, kwamitocin CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, takardun da ka miƙa suke dubawa, da ingancin mujallun da suka buga su, ba lambar Google Scholar ba. Sai dai ɓatan shidan yana rage masu karanta ka. Sau da yawa suna ne matsalar: yau Mahamadou, gobe Mahamane, jibi an sa sunan uba a gaba, sai na'ura ta raba ka gida uku. Tsaya a kan rubutu ɗaya, na sunanka da na jami'a. Buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, ka ɗora kwafin da mawallafi ya yarda a HAL, rumbun maƙaloli na Faransa a intanet, da taƙaitawa cikin Ingilishi. Maƙalar da aka ɗauki hotonta da waya aka mai da ita PDF ba ta karantuwa ga na'ura, sai ka nemo asalin fayil ɗin. Mujallar da ta karɓi aikinka cikin kwana uku ta turo lambar biyan kuɗi kuwa, kada ka sa ta cikin takardun da za ka miƙa.