Yaro mai ƙiriniya da gwajin zuciya: me ya sa likita ya ce a yi ECG kafin magani?

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya mana shi.

Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ɗanta mai shekara 8 ne malamai ke kuka da shi. Ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aikin aji, fensir da littafi kullum sai an sayi sabo. Likita ya ce yana zargin ADHD ne, wato larurar rashin tattara hankali da yawan motsi, amma ya rubuta a yi ECG, gwajin wutar zuciya, da eko, hoton zuciya, kafin a zo kan maganar magani. Shi ne take tambaya me ya haɗa zuciya da ƙiriniya, kuma wane gwaji ne zai tabbatar mata da larurar.

Abu biyu ne daban kika haɗa, Hajiya. Gwajin zuciyar ba ADHD yake nema ba. Maganin da aka fi ba yara masu wannan larura, methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, yana ɗan ƙara saurin bugun zuciya da 'yan bugu kaɗan a minti, ya ɗan ɗaga awon jini. Ga yaro mai lafiyayyar zuciya wannan ba komai ba ne. Likitan yana so ne ya tabbatar babu wata matsala a ɓoye da maganin zai tayar. Ita kuwa ADHD, babu gwajin jini, babu hoton kai, babu na'urar da ke nuna ta. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a yi wa yaron MRI don a gan ta, ki riƙe kuɗinki.

Da tambaya da lura ake gano ta. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ta jera alamomi 9 na rashin tattara hankali, da wasu 9 na yawan motsi da gaggawa. Sai yaro ya cika aƙalla 6 a ɓangare ɗaya ko a duka biyun, abin ya kai wata 6 ana gani, ya fara tun bai kai shekara 12 ba, ana ganinsa a wuri biyu ko fiye, kuma yana cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Sharaɗin wuri biyun nan ne mutane suka fi tsallakewa. Yaron da yake tayar da ajin boko amma ya zauna tsaf a Islamiyya ya kawo haddarsa, a fara bincikar ajin bokon tukuna.

Za a ba ki fom. Wanda ya fi yawo shi ne Vanderbilt, akwai kuma Conners da SNAP. Na Vanderbilt, na iyaye tambaya 55 ne, na malami 43, ana ba kowace alama maki daga 0 zuwa 3, kuma mai 2 ko 3 kaɗai ake ƙirgawa. A nan ake yawan ɓata aiki. Kada ki cike shi ranar da ya fasa miki kwano, ki duba halinsa na watannin baya gaba ɗaya. Kada ki zauna da malamin ku cike tare, domin saɓanin da ke tsakanin amsarki da tasa shi kansa bayani ne ga likita. A ba malamin da ya jima da yaron, ba shugaban makaranta da sai a taron safe yake ganinsa ba. Malamin Islamiyya ma a ba shi kwafi, in Turancin ya yi masa nauyi a karanta masa a fassara, amma kada a zaɓa masa amsa. Sannan ki faɗa wa likita shekarun 'yan ajinsu. Muna da ɗabi'ar tura yaro firamare da wuri, kuma wanda ya fi kowa ƙanƙanta a aji dole a ga kamar ya fi kowa rawar kai. Wasu wurare suna da gwajin kwamfuta na kamar minti 20, yaro yana danna maɓalli in ya ga wata alama. Ƙarin haske ne kawai, ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Inda zan so ki fi matsa wa likita shi ne abubuwan da ke kama da ADHD alhali ba ita ba ce, don a wajenmu suna da yawa. A gwada jinsa da ganinsa, musamman in kunnensa ya taɓa zubar da ruwa ko ya taɓa yin sanƙarau. Wanda ba ya jin malami ba zai saurare shi ba. A auna yawan jininsa, ƙarancin sinadarin ƙarfe na sa yaro kasala da ɗaukewar hankali. In ba ki san jinotayif ɗinsa ba a duba, domin yara masu sikila sukan sami toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, irin mai jijjiga da dogon suma, shi ma yakan bar wannan tabon. Ki lura da barcinsa: yaron da ke minshari, yana kwana baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa, da rana ba gyangyaɗi yake yi kamar babba ba, ƙiriniya yake ƙarawa. Akwai gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gida. In kuna kusa da masu wannan aiki, ko masu fasa tsohon batirin mota, ko ana yawan sa masa kwalli, a auna dalma a jininsa, kuma daga jijiya, don na ɗan yatsa ƙurar da ke fata na ɓata shi. In yana shan phenobarbitone saboda jijjiga, ki ambata, maganin da kansa yana sa yara giggiwa.

Sai ƙaramar farfaɗiya, wadda ba faɗuwa ake yi ba. Yaro yana cikin magana sai ya ƙame, ido a tsaye, daƙiƙa 5 zuwa 15, ki taɓa shi bai san kin yi ba, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Malami zai ce ba ya mai da hankali. A ɗakin likita akan ba shi takarda ya yi ta hurawa har minti 3, in ita ce sau da yawa nan take za ta bayyana. Wannan ce ke buƙatar EEG, gwajin wutar ƙwaƙwalwa, kada ki rikita shi da ECG.

To mu dawo kan zuciya. Tambayoyin da likita zai yi miki sun fi na'urar nauyi, don haka ki shirya amsarsu tun daga gida, ki tambayi dangin mahaifinsa da naki. An haife shi da matsalar zuciya? Ya taɓa suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko don an firgita shi? Yana haki fiye da sa'o'insa? Yana cewa ƙirjinsa na bugawa da sauri, abin ya zo farat ɗaya ya tafi farat ɗaya? Akwai wani na jini da ya rasu kwatsam bai kai shekara 40 ba? Wannan ta ƙarshen sai an tona, domin a gida ba a cewa ciwon zuciya ne. Cewa ake yi ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi, ko ya faɗi a filin ƙwallo, ko ruwa ya ci shi alhali gwanin iyo ne. Ƙa'idar Ingila ta ce in duk amsoshin a'a ne, aka saurari ƙirji ba a ji komai ba, awon jini daidai, ECG ba dole ba ne. A Amurka ma an yi ja-in-ja a 2008, likitocin zuciya suka ce ya dace a yi, likitocin yara suka ce ba kowane yaro ba. Likitanki bai yi laifi ba da ya nema, gwajin ba zafi, ba tsada can. Eko ne nake ganin ya kamata ki tambaye shi dalili, ko ya ji wani sauti ne a ƙirjin.

In aka ɗauki zuciya kamar gida, ECG wayarin ɗin gidan yake dubawa, eko kuma bango da ƙofofi. A ECG za a manna masa 'yan faifai 10, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, su fitar da zane 12 a takarda. Ɗaukar kanta daƙiƙa 10 ce, shirin ne ke cin minti biyar. Ba wuta ake sa masa ba, ki gaya masa tun a hanya. Ranar kada ki shafa masa basilin ko man kaɗanya a ƙirji da hannuwa, faifan ba za su kama ba, zanen ya fito a hargitse. In yana zazzaɓi a ɗaga zuwa wata rana. Ki tabbatar mai na'urar ya shigar da shekarunsa, in ba haka ba za ta auna shi da ma'aunin manya ta buga cewa akwai matsala. Akwai wani lanƙwasa da ke kifewa a layukan V1 zuwa V3 wanda a yaro daidai ne, haka ma bugun da ke sauri in ya shaƙi iska ya lafa in ya fitar. Iyaye da yawa sun kwana ba barci saboda rubutun da na'ura ta yi a saman takarda. Likitan yara ko na zuciya ne zai karanta.

Abin da ake nema a ciki shi ne tsawon QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri bayan kowane bugu, da alamar wata ƙarin hanyar wuta da ake kira WPW, da alamar kaurin tsokar zuciya. QT da aka daidaita da saurin bugu, in ya haura wajen milisakan 460 sai a sake dubawa. Amma lissafin na yin ƙari in zuciya na gudu, saboda haka yaron da aka danne yana kuka, bugunsa 120, zai iya fitar da adadin ƙarya. A bar shi ya huce, a sake, likita ya auna da hannu. Yaro mai shekarunsa in yana hutawa bugunsa tsakanin 70 ne da 110.

Eko kamar sikanin masu ciki ne: a shafa man gwajin, ya kwanta ta gefen hagu, minti 20 zuwa 40, ba sai da azumi ba. Yana nuna huda a zuciya, kaurin tsoka, da ƙofofin da ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya lalata, wanda har yanzu ana gani sosai a asibitocinmu. Za ki ga an rubuta EF, ƙarfin turo jini ke nan, kashi 55 zuwa 70 lafiya lau ne. In an rubuta ɗan yoyo kaɗan a ƙofofin ɓangaren dama, yawancin masu lafiya suna da shi. Ki nemi inda mai yin ya saba da yara, irin asibitocin koyarwa na Kano da Shika. In kuwa yana kukan bugun ƙirji mai zuwa yana tafiya amma ECG ta fito daidai, Holter ake sa masa, ƙaramar na'ura da zai yini ya kwana da ita awa 24 ko 48. Ba wanka, kuma ki rubuta lokacin duk da ya yi ƙorafi da abin da yake yi a sa'ilin.

Awon jini ma a kula da maɗaurin hannu. Na manya a siririn hannu yana ba da adadin da ya gaza na gaskiya, wanda ya matse kuma ya ba da wanda ya zarce. A yi da na yara.

In an fara maganin, a rubuta bugunsa, awon jininsa, nauyinsa da tsayinsa tun ranar farko. A sake auna bugu da jini duk lokacin da aka canza yawan maganin, sannan duk wata 6. Nauyi kuma duk wata 3 tunda bai kai 10 ba, don maganin na rage cin abinci. Ki ba shi bayan ya karya, ba da yamma ba, kada ya hana shi barci. In ya suma, ko ya yi ciwon ƙirji, ko bugunsa ya tsaya sama da 120 yana zaune, a dakatar a koma asibiti a ranar. In kuma QT ɗinsa ya fito a bakin iyaka, ki riƙa faɗa wa duk mai rubuta masa magani, har da na kemis, domin kwinin da kulorokwin da erythromycin duk suna ƙara tsawaita shi.