Fara Daga Ɗigo Goma Sha Shida

Yarona, tun daren jiya na ga saƙonka. An ɗauke mana wuta a Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, ba ta dawo ba sai da asuba, shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce kwana uku ka yi kana zana alamar KiCad, wato ɗan hoton da ake dannawa a buɗe manhajar nan ta zanen bod, allon da ake jera kayan lantarki a kansa. Ka zuba koren bod, ai-si uku ('yan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa), layukan jan ƙarfe sun fi ashirin, har da ƙyallin dalma a ƙafafun kayan. Da ka ɗora ta a sandar ƙasan kwamfuta sai ta koma kamar an murƙushe ganyen kontomire. Kana tambaya, "Masta, Inkscape ne ya ɓata min aiki, ko ni ne ban iya fitarwa ba?" Kuma kana so ka ji ko za ka iya tura wa masu KiCad ita a haka.

Na buɗe fayil ɗin. Hannunka ya faɗa, wannan ba na yi maka rowar yabo. Inkscape kuma, manhajar da ka yi zanen da ita, bai ci maka komai ba. Ginin ne ka faro daga rufi.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Kowane hoto a fuskar kwamfuta da 'yan ɗigo ake haɗa shi, kai kuma ka yi zanenka a fili mai ɗigo 512 a tsaye, 512 a kwance. Ɗigo 262,144 ke nan, gona guda, ka shuka abin da ka ga dama. Amma ƙaramin wurin da alamar za ta zauna, a gefen sunan fayil ko a saman taga, ɗigo 16 ne sau 16. Duka duka 256. An rage ta sau 32 ta kowane gefe. Na auna layukan jan ƙarfenka, kaurin kowanne ɗigo 8 ne. Raba 8 da 32, ka ga kwatan ɗigo ya rage. Fuskar kwamfuta kuwa ba ta san kwatan ɗigo ba. Abin da take yi shi ne ta dama launin layin da na abin da ke kewaye da shi, kashi ɗaya ja, kashi uku kore, ta ba ka wani launi da ba shi da suna. Layi ashirin suka sha wannan damu a lokaci guda, ga kontomirenka nan. In kana so layi ya tsira da ɗigo ɗaya cikakke a ƙaramin wuri, sai kaurinsa ya kai 32 a babban filin. Yanzu ƙirga min layi nawa masu wannan kauri filin zai ɗauka, ka bar sarari a tsakaninsu. Za ka ga alamar ba ta da wurin magana fiye da ɗaya.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan karatun. Ka san da buroshi na fara, ina rubutu a bayan motocin haya, trotro, a wajen makanikan Suame Magazine, tun ba mu san mene ne linzamin kwamfuta ba. Wani direba ya kawo min mota in rubuta masa kalma uku. Ina ji da ƙuruciya, na kewaye kowane harafi da fure, na sa inuwa biyu, na yi musu jela kamar zanen lalle. Kana tsaye kusa da motar sai ka ce a kai ta gidan sarki. Maigidana bai ce uffan ba. Ya kama hannuna muka tsallaka titi, ya ce, "Karanta." Ni da na rubuta da hannuna sai da na ƙanƙance ido. Ya ce wanda zai karanta rubutun nan yana cikin wata motar ne a baya, ƙura a gilashinsa, ga karen mota yana yi masa ihu a kunne. Da yamman nan na kankare fentin, aka cire kuɗinsa daga abin da zan samu.

Mai amfani da manhajar zanen lantarki shi ma a cikin wata motar yake. Idonsa yana kan layin da yake ja daga ƙafar ai-si zuwa kafasito. Da wutsiyar ido yake neman alamarka, hannunsa ya riga ya tafi. Ba zai tsaya ya yaba ƙyallin dalma ba.

Saboda haka ka sake sabon fili, 16 sau 16. Kunna raga a Inkscape, kowane gida ɗigo ɗaya, ka sa zane ya riƙa mannewa da ita. Ka taɓa zama wajen masu ɗinkin hula a Zango? Zare suke ƙirgawa, ba mai soka allura a tsakiyar zare. Haka za ka yi. Ga wani tarko da ke kama kowa: layi mai kaurin ɗigo ɗaya, in ka ɗora tsakiyarsa daidai kan zaren ragar, rabinsa zai faɗa gidan hagu, rabi gidan dama, ya fito dishi-dishi mai faɗin gida biyu. Matsar da shi rabin ɗigo ya zauna cikin gida ɗaya, sai ka ga ya fito tsaf kamar an yanka da reza. In 16 ta zauna, ka yi ta 24, ka yi ta 32, ka yi ta 48, kowacce ka taɓa ta da hannu. Kana hawa kana ƙara ado kaɗan kaɗan. Ƙyallin dalmarka yana da wuri, amma sai a 256. Susan Kare, wadda ta zana alamomin Macintosh na 1984, a fili mai 32 sau 32 ta yi aiki, baƙi da fari kawai, kuma kwandon shararta har yau ba wanda ya nemi a fassara masa shi.

To me za ka sa a gidaje 256 ɗin? Nan aikin yake, nan kuma zan daɗe.

KiCad ba manhaja ɗaya ba ce, gida ne mai ɗakuna. Jean-Pierre Charras ya fara ta a 1992 yana koyarwa a Grenoble ta Faransa, daga baya CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta sa hannu wajen gina ta. A ciki akwai inda ake zana taswirar da'ira, wanda tsofaffin hannu ke kira Eeschema. Akwai Pcbnew inda ake shimfiɗa bod ɗin kansa. Akwai GerbView na duba fayilolin da za a aika wa masana'anta, akwai na lissafi, akwai mai juya hoto ya zama tambari a kan bod. Mutum yana iya buɗe uku a lokaci guda, yana tsalle daga taswira zuwa bod sau ɗari kafin azahar. In ka yi musu duka koren murabba'i da 'yan layuka a ciki, ka cuce shi, don kullum sai ya buɗe ɗakin da ba shi yake nema ba. Dole su yi kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya, kaurin layi ɗaya, lanƙwasar kusurwa ɗaya, amma kowanne da fuskarsa. Taswira ta ɗauki alamar da masu lantarki ke zanawa a takarda, a ce ta taransisto ko kusurwa ukun nan ta amfilifaya, a kan fili mai haske. Bod ya ɗauki layin jan ƙarfe ɗaya mai kauri, ya karye a kusurwar digiri 45 yadda ake jan su a gaske, ya ƙare a zagayen da ake huda wa ƙafa. Layi ɗaya, zagaye ɗaya ko biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe bod ya gane.

Ka yi hattara da rizisto, don na ga ka sa shi a zanenka na biyu. Amurkawa zigizag suke zana shi, a Turai kuma ɗan dogon akwati ne, kuma akwatin ne KiCad ke fara ba ka in ka nemi R. Zigizag a ɗigo 16 haƙoran zarto ne da suka cinye, akwatin kuma ba ya cewa komai shi kaɗai. Nemi abin da duk ɓangarorin suka yarda da shi.

In ka samu sarari ranar da ba aiki, hau mota ka je Ntonso ka kalli masu buga adinkra, alamomin gargajiyar Asante da ake bugawa a kan zane. A ɓallin ƙwarya suke sassaƙa hatimin, kuma tawadar mai kauri ce, ta ɓawon itace. Mai sassaƙa ya san duk siririn layin da ya bari tawada za ta cike shi, don haka ba ya barin sa. Shi ya sa kake gane Gye Nyame, fitacciyar alamarsu, daga nesa, a zane ne ko a bayan kujerar roba. Gwajin da nake yi ke nan: in na gama alama sai in shafe ta da baƙi gaba ɗaya, in bar siffarta kawai. In har ban bambanta ta da 'yar uwarta a haka ba, launi ba zai cece ta ba.

Launi ma kada ka jingina da shi da yawa. Akwai mutane, galibi maza, da ja da kore ke rikice musu. A KiCad ta 5 jan ƙarfen saman bod ja ne, na ƙasa kore. Da ta 6 ta fito a Disamban 2021, na ƙasan ya koma shuɗi, kuma a fitowar nan ce aka sake alamomin manhajar gaba ɗaya, aka yi jeri biyu, na fili mai haske da na fili mai duhu. Kai kuma koren bod ɗinka mai duhu ne, ka kewaye shi da baƙin layi. A sandar Windows mai duhu ya nutse, sai ai-si ɗin ke yawo su kaɗai. Gwada kowace alama a kan fari, a kan baƙi, a kan toka. Launi uku sun ishe ka.

Rubutu kuwa, bar shi. Na san za ka ce ai babbar alamar KiCad haruffa biyu ce, Ki. Wannan suna ne, tambarin gida, kuma biyu ne kacal. Kai da ka rubuta kalma guda a ƙasan bod ɗinka, ko a 48 ba ta karantuwa.

Maganar fitarwa gajera ce. SVG, fayil ɗin da Inkscape ke ajiye zane a ciki, shi ne uwar aiki, shi za ka adana. Windows na son fayil ɗin ICO da ya haɗa girma da yawa a ciki, 16, 32, 48 har 256. Mac na son ICNS, yana kaiwa 1024, kuma tun fitowar tsarinsu mai suna Big Sur a 2020 alamominsu suka koma murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi. Linux kuma kowane girma da jakarsa a ƙarƙashin babbar jakar da ake kira hicolor, da wata jakar daban ta SVG. Kada ka bar wa injin ragewa, ka ba shi waɗanda ka gyara da hannu.

Sai tambayarka ta biyu. Kada ka tura tukuna, kuma ba don zanen bai nuna ba kawai. Manhajar nan a buɗe take, lasisinta GPL ya ba kowa damar gyara ta, aikinta yana shafin GitLab a intanet kowa na gani, amma buɗaɗɗen gida ma da sallama ake shiga. Akwai mutanen da suka shekara goma hannunsu na zuwa wuri ɗaya ba tare da sun duba ba. Ka canza musu alama, ko da taka ta fi kyau, ka sa su tuntuɓe a ɗakinsu. Ba ka ga har yau faifan fulofi ne alamar adanawa a manhajoji da yawa ba, alhali kai ko taɓa shi ba ka yi ba? Baƙon da ya zo ranar farko ya ce zai sake fentin gida duka, kallo kawai za a bi shi da shi. Ka zauna ka karanta ƙa'idar da suke bi wajen zanen alamominsu, ka buɗe nasu SVG ɗin ka ga kaurin layinsu da launukansu. Sannan ka nemi guda ɗaya a jeren kayan aiki, cikin ƙananan alamomin nan masu ɗigo 24, wadda ke rikita mutane da maƙwabciyarta. Gyara ta, ka nuna tsohuwa da sabuwa gefe da gefe a ainihin girmansu, a fili mai haske da mai duhu, ka faɗi dalilinka a layi biyu. Kuma duk abin da ka tura ya zama kai ka zana shi daga farko. In ka tsinto wani yanki a intanet ba ka san lasisinsa ba, ka jawo musu rigima, kuma ba za su karɓa ba. Ka sa a ranka cewa ranar da suka karɓa, wani na iya zuwa gobe ya gyara naka, kamar yadda ka gyara na wani. In an ce maka a sake, ka sake, kada ka yi fushi. Ba a biyan kowa a can don ya lallashe ka.

Kuma kafin Turawa su gani, mutanenmu su fara gani. Babbar fuskar kwamfutar shago tana yi maka ƙarya, komai kyau yake yi a kanta. Ɗauki tsohuwar laftof ɗin nan da na saya a Adum, mai 1366 sau 768, wadda gefenta ya fara yin rawaya. Ɗora alamomin a kanta, ka kai wa masu gyaran rediyo da waya a Kejetia, da rana tsaka, haske na dukan fuskar. Kada ka gaya musu komai. Nuna da yatsa ka ce, "Wannan mene ne?" In mutum ya ce bod kafin ya matso da fuskarsa, ta yi. In ya ce, "Kawo in gani," rubuta abin da ya zata, ka dawo da ita.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago. Kawo min guda biyu kawai, ta taswira da ta bod, a 16 da 32, da takardar abin da mutanen Kejetia suka ce. Babbar ta kwana ukun nan kada ka goge ta, za mu buga ta a sitika mu manna a ƙofar shago. In za ka taho ka biyo ta wajen mai waakye, ka ce ta sa min shito da yawa.