Tambaya da amsa: Na kasa bambance gaɓa da harafi, ga shi za mu fita koyarwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar NCE ce ina karantar Hausa, wata mai zuwa za a tura mu makarantu koyarwar gwaji kuma wallahi hankalina a tashe yake. An yi mana tes aka ce mu rarraba ido da gwanda gaɓa-gaɓa mu faɗi tsarinsu, na bi handawut ɗin da muka saya na rubuta ido W-BW (W wasali, B baƙi), gwanda kuma BBWB-BW, malamin ya ba ni sifili. Sannan ina ɗan taɓa rubuta waƙa, ina ƙirga gaɓa takwas-takwas a kowane layi amma kullum sai a ce min karin ya karye. Don Allah mene ne bambancin gaɓa da harafi da ƙwayar sauti da ƙwayar ma'ana da ƙafa? Tsorona kar in je in koya wa 'ya'yan mutane shirme.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, malamin da ya ba ki sifili gaskiyarsa ce, handawut ɗin ne ya cuce ki, kuma matsalar tes ɗin da ta waƙar duk abu ɗaya ne ya haife su.

Bari in sallami masu sauƙin tukuna tunda kin riga kin san baƙi da wasali. Gaɓa ba ruwanta da ma'ana, furuci ne kawai, ƙwayar ma'ana kuwa, wato guntun kalma mafi ƙanƙanta da ke ɗauke da ma'ana, ba ruwanta da yadda baki ya yanka kalma. Makaranta gaɓa huɗu ce, ma-ka-ran-ta, amma ta fuskar ma'ana ɗafa-goshi ma ne da saiwa karant da wasalin ƙarshe, kin ga wurin yankan ma bai zo ɗaya ba. Rigar Ladi, wannan r ɗin ƙwayar ma'ana ce sukutum, ita ta nuna mallaka, amma ba za ta iya tsayawa gaɓa ita kaɗai ba, laɓewa ta yi a bayan ga aka samu gar. Kalma kuma tana iya zama gaɓa ɗaya kamar ci, sha, zo, tana iya kai biyar ko shida. Wannan ɗalibai ba su cika faɗuwa a kansa ba.

Inda ake kwasar kashi a hannu shi ne wannan mugun zaton cewa gaɓa a takarda take, wai mutum ya zuba wa kalma ido ya ƙirga haruffa ya ce ga B ga W. Kullum sai na ci karo da shi, a aji, a takardun jarrabawa, har a wurin waɗanda suka gama digiri suna koyarwa. Gaɓa da kunne ake gane ta. Harafi alama ce ta tawada, kuma rubutun bokon Hausa bai yi alkawarin nuna miki duk abin da bakinki yake yi ba.

Ɗauki gwanda ɗinki. G da w haruffa biyu ne, amma furta ki ji, gw sauti ɗaya ne, leɓe ya kewaye tun kafin harshe ya saki, haka sh da ts da ky da ƙw da gy, kowanne ƙwayar sauti ɗaya ce, wato sauti guda da baki ke furtawa. Saboda haka gwan BWB ce, ba wani BBWB a Hausa. Tsuntsu haruffa bakwai, ƙwayoyin sauti biyar, gaɓa biyu. Bahaushe ba ya jera baƙi biyu a farkon gaɓa, shi ya sa da ya ari kalmomin Turanci sai da ya cusa musu wasula ya samu burodi da firamare da fursuna, na Turancin burodi gaɓa ɗaya ce tak, mu muka mai da ita uku.

Sai ido. Wai W-BW. Babu kalmar Hausa da take farawa da wasali a furuci, akwai hamza a gabanta, ƙa'idar rubutu ce kawai ta ce kar a rubuta ta a farkon kalma. In kina son shaida ki ɗauki aiki ki sa mata ma a gaba, me kike rubutawa? Ma'aikaci. Wannan hamzar ba daga sama ta faɗo ba, dama tana nan, yanzu ne da ta shiga tsakiyar kalma aka yarda a nuna ta. To ido 'i-doo ce, BW-BWW.

Kin lura na rubuta doo da o biyu, to nan ne babbar ɓarnar take. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya. Gari na mutane da gari na tuwo rubutu ɗaya, amma na farko ga-rii ne na biyu gaa-rii. Duka da ake cewa sun tafi duka, du-ka ne gajere gajere, dukan da ake yi wa jaki kuwa duu-kaa ne. Mai ƙirga haruffa zai ce duk BW-BW ne ya wuce abinsa, alhali tsarin gaɓar Hausa uku ne, BW sassauƙa, BWW da BWB nannauya, kuma BWW ɗin ta haɗa dogon wasali da tagwan wasali irin ai da au. Dogon wasali ma in baƙi ya rufe gaɓar sai ya gajarce, rii-gaa ta koma rii-gar, don gaɓa ba ta ɗaukar kayan da ya wuce haka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk Bahaushe ya san wannan a bakinsa tun yana goye, makaranta ce take rikita shi. Tambayi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba jam'in gida ta ce gidaje, wuri wurare, ƙasa ƙasashe, an maimaita baƙin ƙarshe ke nan saboda gaɓar farko sassauƙa ce. Ki ce mata kifi fa, ta ce kifaye, suna sunaye, zomo zomaye, y ta shigo saboda gaɓar farko mai dogon wasali ce, kii, suu, zoo. Ki ce gulbi ta ce gulabe, birni birane, an ɓarka tsakanin baƙaƙen biyu an sa aa. A takarda gida da kifi kamarsu ɗaya, haruffa huɗu-huɗu, amma harshenta ya auna nauyinsu bai yi kuskure ba. Paul Newman, masanin harshen Hausa, ya yi rubutu a kan nauyin gaɓa tun 1972 kuma Hausa na cikin manyan hujjojinsa, amma har yau ga mu nan ana buga wa yara fotokwafin da ke cewa gaɓa ita ce haɗuwar harafi biyu ko uku. Karin sauti faɗau ma, wanda murya ke farawa sama ta faɗo ƙasa a gaɓa ɗaya, irin na rai da mai na miya da yaa a cikin yara, ba ya sauka sai a kan nannauyar gaɓa.

Yanzu waƙarki. Ƙafa ba gaɓa ba ce, jerin gaɓoɓi ne da aka tsara bisa nauyinsu, kuma ma'aunan da marubuta waƙoƙinmu suka gada sun taso ne daga aruli, wato ilimin auna waƙar Larabci da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Gidaje gaɓa uku, malami gaɓa uku, kifaye gaɓa uku. Amma a sunayen ƙafafun aruli gi-daa-jee fa'uulun ce (sassauƙa, nannauya, nannauya), maa-la-mii faa'ilun (nannauya, sassauƙa, nannauya), kii-faa-yee kuwa duka ukun nannauya ne. Ki cire ɗaya ki sa ɗaya a layi, lissafinki na takwas yana nan daram amma mai rerawa zai yi tuntuɓe, dole ya ja inda ba a ja ko ya haɗiye wani wuri. Kuma ƙafa ba ta jiran kalma ta ƙare, tana iya yanka ta a tsakiya ta haɗa da farkon ta gaba. Malamanmu na da da suke rubutu da ajami sun fi mu sauƙin wannan, don alif da wawu da ya suna nuna musu jan wasali, ɗauri kuma ya nuna musu inda gaɓa ta rufe.

Su kuma masu buɗe guruf a WhatsApp suna karɓar kuɗin yara wai koyar da waƙa cikin sati biyu, darasin farko ƙirga gaɓa da yatsu darasin ƙarshe ma ƙirga gaɓa da yatsu, su ji tsoron Allah. Haka masu harhaɗa handawut su kwafo bayanin gaɓar Turanci su juya shi Hausa ba tare da sun buɗe baki sun furta kalma ɗaya ba, a tilasta wa ɗalibi saye, ya haddace, ya faɗi jarrabawa, in ma ya tsallake ya je ya zuba wa yara sittin a aji ɗaya, su ma su tafi da shi WAEC da NECO. Wa zai ɗauki alhakin wannan?

In kin shiga aji kar ki fara da allo. Ki faɗi kalma su maimaita suna tafi, tafi ɗaya gaɓa ɗaya, sannan ki sa su ja ta a hankali su ji wacce ta miƙe wacce ta tsinke da wuri, sai daga baya ki rubuta, kina ninka dogon wasali kamar yadda na yi a nan, amma ki gaya musu wannan ninkin na darasin gaɓa ne kawai, kar su kai shi cikin insha'i a rage musu maki. Layukan waƙar taki kuma ki turo min biyu ko uku mu yanka su tare a fitowa ta gaba.