Tambaya da Amsa: Shin Yesu Ya Juya wa Mahaifiyarsa Baya?

Tambaya: Malam, ni uwa ce, kuma akwai wani nassi da yake damuna a Markus 3:31-35, inda aka gaya wa Yesu cewa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa suna waje suna nemansa, sai ya ce mai aikata nufin Allah shi ne ɗan'uwansa da 'yar'uwarsa da uwarsa. Tun da ɗana ya shiga wata ƙungiyar addu'a ya rage zuwa gaishe ni, idan kuwa na yi masa magana sai ya karanto mini wannan wurin. Haƙƙin uwa ya faɗi ke nan?

Amsa: Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Haƙƙinki yana nan daram, ɗanki ne ya ɗauki ƙarshen labari ya bar farkonsa. A aya ta 21 ta wannan surar an nuna cewa dangin Yesu sun fito ne domin su kama shi, saboda ana cewa ya fita daga hayyacinsa, don haka maganarsa amsa ce ga masu neman janye shi daga aikin da aka aiko shi ya yi. Da ya dubi waɗanda suke zaune kewaye da shi ya kira su danginsa, faɗaɗa zumunci ya yi har ya haɗa da wanda ba jini ɗaya ba, bai kori kowa daga ciki ba. Ki lura ma cewa bai ambaci uba ba, domin Uban wannan iyali Allah ne.

Ita kanta Maryamu ta cika sharaɗin aikata nufin Allah tun ranar da ta amsa wa mala'ika cewa ita baiwar Ubangiji ce, kamar yadda yake a Luka 1:38. Shi ya sa Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya koyar cewa albarkarta ta bangaskiya ta fi ta haihuwa girma. Yesu kuma, yana rataye a kan gicciye cikin azaba, sai da ya damƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, wanda ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a, bisa ga Yahaya 19:26-27.

Idan ɗanki ya zo, ki zaunar da shi cikin ruwan sanyi ku karanta Markus 7:9-13 tare, inda Yesu ya tsauta wa waɗanda suke cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah domin su guje wa taimakon iyayensu. Idan ya ƙi ji, ki sanar da fastonsa ko wani dattijon ikilisiya da yake jin nauyinsa.