Ragowar Fenti a New York: Dole Ne Mai Shago Ya Karɓa?

Tambaya: Barista, ina da ƙaramin shagon kayan gini a New York. Wasu masu saye suna kawo mini ragowar fenti, suna cewa doka ta tilasta mini karɓa, wasu kuma suna neman in mayar musu da kuɗin da aka ɗora a kan kowane gwangwani. Mene ne matsayina?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Dokar da jihar New York ta yi a 2019, wadda shirinta ya fara aiki a watan Mayun 2022, nauyin tattara ragowar fenti a kan masu ƙera shi ta ɗora, ba a kanka ba. Su kuma kamfanonin sun danƙa aikin ga PaintCare, ƙungiyar da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta Amurka ta kafa, hukumar muhalli ta jihar tana sa ido. Jihar Oregon ce ta fara irin wannan doka a 2009.

Zama wurin karɓar fenti ganin dama ne. Idan ba ka yi rajista da PaintCare ba, kana da ikon cewa a'a, ka nuna wa mutum wurin karɓa mafi kusa a shafinsu na intanet.

Inda doka ta kama ka wuri biyu ne. Ba ka da damar sayar da fentin gida na kamfanin da bai shiga shirin ba, don haka kafin ka karɓi sabon kaya daga dillali, duba sunan fentin a jerin da ake wallafawa. Nan ne ƙananan shaguna za su iya shiga matsala, musamman masu sayen kaya mai araha ba tare da tambayar asalinsa ba. Sannan kuɗin shirin dole ya shiga cikin farashi. Ba haraji ba ne, ba kuma ajiya ba ce irin ta kwalbar lemo, shi ya sa ba a mayar da shi. Da shi ake biyan jigila da sarrafa fentin, kuma mai kawo ragowa ba ya biyan komai a wurin karɓa.

A ganina, idan kana da fili a bayan shago, yin rajista ba asara ba ce: 'yan PaintCare ne ke kawo akwatunan ajiya, su horar da ma'aikatanka, su kwashe kayan, kuma wanda ya kawo tsohon fenti sau da yawa yakan fita da sabo. Sai dai ka karanta yarjejeniyar da kyau, ka kuma duba ko takardar hayar shagonka da inshorarka sun yarda da ajiye irin wannan kaya. Fentin feshi, na mota, gwangwani mai yoyo ko marar takardar suna, da duk mazubin da ya wuce galan 5, ba sa cikin shirin. Idan ka karɓe su, zubar da su ya dawo wuyanka, da kuɗinka.