Bukukuwan Hindu: shagali ne kawai ko ibada?

Malam, ka tambaya ko bukukuwan Hindu da muke gani a finafinan Indiya rawa da waƙa ne kawai. A'a, a wurinsu ibada ce ta gaske.

Ɗauki Diwali, wanda ke faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, kwana 5 ana yi. Suna tunawa da dawowar Rama, ɗaya daga cikin ababen bautarsu, birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira. Tun kafin ranar ake share gida fes, don sun yi imani Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, gida mai tsabta da haske take shiga. Da magariba sai ka ga ƙananan fitilun yumɓu, mai da lagwani, an jera su a bakin ƙofa da kan katanga. 'Yan kasuwar jihar Gujarat ta Indiya a lokacin suke buɗe sabon littafin lissafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zumuncin: ɗan da ke aiki a Mumbai zai kutsa cikin cunkoson jirgin ƙasa don ya kwana gaban iyayensa, a kai wa maƙwabta kayan zaƙi.

Holi kuwa, na watsa kala a watan Maris, da daddare ake soma shi da hura babbar wuta, washegari a fito, masu gaba da juna su sasanta.